Jadawalin da Ya Daina Motsi

Ta goge tabarau da gefen riga, ta hura, ta sake gogewa, kamar yadda take yi kowace safiya kafin ta taɓa kwamfuta. Shekara ashirin da biyu ta yi tana jinya a ɗakin yara, har gwiwoyinta suka ce sun gaji. Aka maido ta wannan ɗaki mai taga ɗaya a bayan sito, aka ɗora mata lura da tankin oksijin na asibitin.

Da yatsa ɗaya ta koyi kwamfuta, da shi ta gina jadawalinta. A sama yawan marasa lafiya, a gefe yawan iskar da kowa ke ja a minti, a tsakiya kuma gidaje jere, kowanne na faɗin kwana nawa tanki zai kai. Ba ta taɓa yarda da amsa ɗaya ba. Idan fa sun ƙaru? Idan fa motar iska ta makara? Har sunan ya bi ta, Anti Idan-Fa.

Tana da wani gwaji nata. Takan rubuta ƙarya a gidan ragowar iska, ta ga ko lambobi za su motsa. Kwana huɗu ba ta yi shi ba, don hannu ya yi kaɗan a ɗakin yara, can take wayar gari. Yau ta rubuta sifili. Tanki ba komai ke nan.

Jadawali ya ce kwana tara.

Jiya shugaban asibiti ya tambaye ta ko za su iya karɓar yara goma sha takwas daga wani asibiti da injin iskarsu ya lalace. Ta duba gidan nan, ta ga tara, motar iska kuma sauran kwana shida ta zo. Ta sa hannu. Ƙarfe goma za a tafi ɗauko su.

Ta ƙwala wa mai gyaran kwamfutoci kira. Ya shigo da kofin shayi a hannu, furfurarsa duk ƙurar sito.

"Injiniya, ka taɓa min abin nan?"

"Gata na yi miki, Anti. Ran Litinin kika ce kwamfutar tana tafiya kamar gwiwarki. Na hana jadawalin sabunta kansa, sauran duk suna aiki. Ba ki ga gudunta ba?"

"Gudu zuwa ina, bawan Allah?"

Ta mayar da ainihin ragowar iska ta yau. Ya miƙa yatsa ya danna maɓalli ɗaya. Lambobin suka girgiza, ja, alamar iska za ta ƙare kafin mota ta zo, ya taso daga kusurwar ƙasa yana cin kore gida bayan gida. Tara ta koma biyar.

Ya ajiye kofin a hankali. "Kwana ɗaya ne fa kawai. Ke ce mai idan-fa. Idan fa motar ta zo da wuri?"

"Ka taɓa riƙe yaron da ke neman iska na minti ɗaya?"

Ta bi layi da yatsa, baya-baya, leɓenta na motsi. Yara sha shida, ja. Sha biyu, ja. A kan takwas kore ya tsaya. Sauran goman, sai a nema musu wani wurin tun yanzu.

"Ki ce ni ne," in ji shi, murya ƙasa-ƙasa.

"Hannunka ne a takardar?"

Agogon bango ya ce goma saura kwata. Ta taga ta hango direba yana zuba wa motar asibiti ruwa, yana fito. Injin buga takarda ya yi tari, ya yi nishi, ya turo shafin da ɗuminsa. Ta fizge shi, ta dafa tebur ta miƙe, gwiwa ta yi ƙara.

"Ka je ka tare min direban nan. Ko tayarsa ce ka zauna a kai."

Ofishin shugaba yana bene na uku. Ta bar ƙofar a buɗe.