Takin Furera

Furera 'yar ƙanena ce. A nan gefen Makoda aka haife ta, a nan ta yi aure, a nan mijin ya rasu ya bar ta da 'ya'ya da kaskon suyar ƙuli-ƙuli. Mace ce mai sanyi, irin wadda za ka taka mata ƙafa ta ce maka sannu. Da mahaifinta ya rasu aka raba gado, aka dasa gamba a iyakar rabonta na gona, amma yayanta Basiru ya ce zai riƙe mata, wai mace ba ta iya gona ba. Duk kaka sai ya aiko mata da dami ɗaya, ta yi ta godiya kamar sadaka ya ba ta.

Da girmanta ta shiga ajin yaƙi da jahilci, karatu ya zauna, sai ta kamu da littattafan nan na cikin waya. Muna ɓarar gyaɗa tana karanto mana. Akwai wani na wata mata da dangin miji suka kwashe wa komai, har akuya, ita kuwa daga haƙuri sai kuka. Furera na karantawa tana share hawaye, can ta kifa wayar a kan faifai.

Na ce, "Ke, wadda ba a taɓa haifa ba kike wa hawaye?"

Ta ce, "Gwaggo, haushi take ba ni. Ta buɗe baki mana! Ta ce nawa ne!"

Na ce, "Ai kuwa. Wasu matan bakinsu na cin tuwo ne kawai."

Ranar ba ta ƙarasa mana labarin ba.

Mu a nan, wanda ya kai taki gona da bazara shi zai shuke ta. Kowa ya ga tsibin ya san mai gona ya motsa. Furera ta share turken awakinta tas, ta ari jakin maƙwabta, ta yi ta jigilar taki da mangala zuwa gonar gadonta da rana tsaka, kowa na gani.

Sai ga Basiru a ɗakina yana huci. "Gwaggo, ki ja mata kunne. Littafin ƙarya ya juya mata kai."

Na ce, "Littafin ƙarya ne, na yarda. Gambar ma ƙarya ce? A gabanka malamai suka sa aka dasa ta. In ka isa, je ka kwashe takin, masu wucewa kasuwa su yi kallo."

Bai je ba. Wane magidanci zai yarda a gan shi yana kwasar kashin awakin ƙanwarsa?

Ruwa na sauka ta shuka gero, ta bi shi da wake. Lokacin noma na tambaye ta, matar littafin fa, yaya ta ƙare?

Ta ce, "Oho mata, Gwaggo. Ciyawa ba ta bar ni na koma kanta ba."

Da kaka ta cika rumbunta, ta aika wa Basiru dami ɗaya. An ce ya karɓa. Godiyar ce har yau ba mu ji ba.