Ragon da Na Ciyar da Lissafin Alade

A makarantar koyon aikin gona da na yi a gida, babu darasin da na ƙware a kai kamar haɗa abincin aladu masu tasowa. Ba ni na zaɓa ba, haka tsarin karatun ya zo, kowace dabba sai an bi ta kanta. Har yau zan iya kawo awon da ka: masara kaza, garin waken suya ko ƙuliƙuli kaza, ɗan garin kifi, gishiri, sai wani shuɗin gari mai sinadarin jan ƙarfe da ake barbaɗawa kaɗan don ya hanzarta girma. Ban taɓa gaya wa kowa a gidanmu ba, don kunya nake ji.

Da na zo Jidda a shekarun tamanin, tuƙi na samu, na kama ɗaki a unguwar Mahjar a gidan wata dattijuwa haifaffiyar garin, jikar alhazanmu da suka zo da ƙafa. Hajiya nake ce mata. Tana da raguna biyu a bayan gida, abincinsu kuwa busasshen tamis ne, burodin da maƙwabta ke tara mata, ta jiƙa da ruwa ta zuba musu. 'Yarta ɗaya tilo ta samu ciki bayan shekara tara da aure, kuma babban ragon shi Hajiya ta ware na suna.

Ni kuwa duk na wuce sai na tsaya na ƙare musu kallo, haƙarƙari a waje. Burodi cika ciki kawai yake, ba ya gina tsoka. Ina da wannan halin, in na san abu bakina ba ya iya shiru.

"Hajiya, ki bar mini babban nan wata uku, ki ga aiki."

"A ina ka koyi kiwo, ya waladi?" in ji ta, wato ɗana da Larabci.

"A makaranta," na ce, na tsaya a nan.

"Yalla, ɗauki babban. Ƙaramin ka bar mini shi da tamis ɗinsa."

Na shiga aiki da zumuɗi. Na sayo sha'ir da garin waken suya a unguwar Kurayyat, na riƙa kwaso ragowar ƙananan kifi daga kasuwar kifi ta wajen Balad, tsohon gari, in shanya a kan rufi, in daka. Kuliyoyin unguwa duk suka san ni. Shuɗin garin ma na nemo shi, na auna daidai yadda aka koya mana. Rago ya murje, gashi ya kwanta, wuya ya cika. Har tsokanar Hajiya nake, ina ce wa nata ƙaramin ɗan tamis. Ita dai sai ta yi murmushi ta ci gaba da jiƙa burodinta.

Saura kamar mako biyu haihuwa, wata safiya na tarar ragon ya ƙi abinci. Farin idonsa ya koma rawaya, fitsarinsa ja-ja. Hajiya ta aika aka kira wani mutumin Chadi da ke sayar da tumaki. Ya duba ido, ya duba dasashi, ya sa hannu cikin buhun haɗina ya shinshina, sai ya ga shuɗi-shuɗi a yatsunsa.

"Malam, wannan awon na wace dabba ne? Tunkiya ba ta ɗaukar wannan. A hanta yake taruwa, rana ɗaya ya kayar da ita."

Hajiya na tsaye, ta zuba mini ido. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na ce, "Na alade ne."

Kafin azahar ragon ya mutu. Da muka buɗe shi, hantar ta lalace, ƙodar ta yi baƙi ƙirin. Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma na riga na fara tunanin inda zan koma da zama.

Da la'asar ta kira ni. Na zaci maganar alade za ta yi, sai ta ce, "Ilimi ai ilimi ne, ko na mene ne. Amma na tambaye ka, ka ba ni rabin amsa. Da ka cika ta, ni da ban shiga aji ba, da na ce maka cikin rago daban, na waccan dabbar daban. Halas, shi ke nan, je ka ba ƙaramin ruwa."

Aka haifi mace. Ranar suna ɗan tamis aka yanka, ragon da na yi wata uku ina yi wa dariya, kuma ya ishi kowa. Ina zaune can gefe cikin maza, ban iya cin komai ba, sai ga Hajiya da kanta ta leƙo da ɗan faranti, ta ajiye a gabana. Gasasshiyar hanta ce.

"Ci, ya waladi," ta ce. "Wannan lafiyarta ƙalau."