Ilu Ɗantala, Maƙerin da Ya Koyi Awo

Haihuwarsa

An haifi Malam Ilu a garin Gagarawa ta ƙasar Gumel cikin damina ta shekarar 1934. Mahaifinsa shi ne Ɗantala, babban maƙerin garin, mahaifiyarsa kuwa Hannatu 'yar garin Sule Tankarkar. A bakin zuga-zugi ya tashi, inda aka gaji wata ƙa'ida tun kaka da kakanni: duk fartanyar da aka ƙera sai an ƙara mata ƙarfe kaurin farce. Wannan ƙari shi suke kira rabon ƙasa, domin ƙasa ma sai ta ci nata.

Karatunsa

Bayan ya sauke Alƙur'ani, ya yi elementare a Gumel da midil a Kano. A shekarar 1953 aka zaɓe shi zuwa makarantar koyon aikin injuna a Kaduna. Ranar tafiya mahaifinsa bai raka shi tasha ba, sai dai ya ce a gaban jama'a, "Ƙarfen da ake aunawa da takarda ba ƙira ba ce. Ka je, amma masabata, gudumar da nake ƙira da ita, ba za ta shiga hannun akawu ba." Allah Sarki! Da wannan magana a ƙirjinsa Ilu ya hau jirgi.

Shekararsa ta farko ta zo da ɗaci. Ba wanda ya kai shi iya riƙe magagarin goge ƙarfe, amma duk abin da ya goge sai ya ƙi shiga mazauninsa, har ya faɗi jarrabawa. Malaminsu, Malam Manu, ya auna aikinsa ɗaya bayan ɗaya, ya tarar kowanne ya yi kiba da kaurin farce. Da ya ji dalili sai ya yi dariya har da hawaye, ya ce, "Kai ɗan maƙera, inji ba gona ba ne! Ba ya karɓar kyauta." Daga ranar Ilu ya shiga yaƙi da hannunsa, kuma a 1956 ya fito na ɗaya, da takardar shaida.

Aurensa da aikinsa

A wannan shekara ya auri Murja, wadda ta yi shekara uku cur tana jiransa ba ta saurari kowa ba. Hukumar En'e ta ɗauke shi aikin kula da injuna, amma mahaifinsa bai daina ce masa akawu ba.

A bazarar 1957 injin famfon kasuwar Maigatari ya tsaya, saboda wata sandar ƙarfe mai tsawon taƙi guda ta karye, ga shanu ɗaruruwa suna kuka a bakin kwami. Aka ce sabuwa sai ta yi wata uku a hanya. Ilu ya ɗauki awonta da ma'auninsa, ya nufi maƙerar mahaifinsa, domin ba wanda ya kai tsohon sanin launin da ƙarfe ke yi idan ya isa a tsoma shi a ruwa. Da aka zo gugar ƙarshe, Ɗantala ya ajiye magagari, alhali da sauran kaurin farce ba a goge ba. Ilu ya durƙusa ya ce, "Baba, a gafarce ni, yau ban da rabon ƙasa." Tsohon ya ɗauki magagarin ya miƙa masa.

Ranar Alhamis, kasuwa na ci, sanda ta zauna daram, inji ya yi tari sau biyu, ruwa ya ɓalle. Ɗantala ya ciro masabarsa daga jaka ya ɗora a hannun ɗansa, ya ce, "Karɓi, maƙeri. Ashe akwai ƙarfen da rowa ce maganinsa."

Rasuwarsa

Malam Ilu ya yi shekara talatin yana aiki, ya horar da makanikai da dama a ƙasar Gumel. Allah ya yi masa rasuwa ranar Juma'a, cikin watan Rajab, a shekarar 1991, aka binne shi a Gagarawa kusa da mahaifinsa. Ya bar Murja da 'ya'ya huɗu: Rabe, Ishaƙ, Rakiyya da Asama'u. Masabar tana hannun Rabe, ma'aunin Malam Ilu kuma na ɗaure a ƙotarta. Allah ya jiƙansa, amin.