Yatsan Agali a Kofin Shayi

Har gobe ba ni manta ranar da yaron nan mai safar hannu ya ƙwace mini kotu.

Ni ne Illo, mai bin sawu na jandarmomin Tawa. Lakwal kam na leƙa ta da safe, kafin azahar na gama karatuna. Aikina in an yi sata a kira ni, in duba ƙasa, in ce ga inda ɓarawo ya bi. Ana haka aka kawo mana yaron, Malam Sani, daga Yamai, mai ɗaukar zanen yatsu. Shi biro, wato ofis, da fanka, ni benci.

Bayan Sallar Layya aka fasa kantin wani Alhaji, aka kama Agali, makiyayi daga Takanamat. Ni na ga sawun takalmi irin nasa a bakin ƙofa. Sani ya barbaɗa hodarsa a kofin shayin cikin kantin, yatsan Agali ya fito. In ta tabbata, shekaru zai yi a gidan kaso, awakinsa ba mai kiwo.

Alƙali ya fara da ni.

"Baba Illo, ka tabbata?"

"Ranka shi daɗe, kamar sunana!" Na ɗaga murya don Sani ya ji.

"Takalmin roba irin wanga, mutum nawa ke sa shi?"

Na sunkuyar da kai. Irinsa ne a ƙafata. Har Agali sai da ya yi dariya.

Aka kira Sani. Ya ce, "Yatsan nashi ne. Amma yaushe ya taɓa kofin, ban sani ba. Hoda ba ta faɗin rana."

Alƙali ya juya ga Alhaji. "Mi ya kai hannunshi ga kofinka?"

"Ai duk ranar kasuwa nan yake shan shayi. Kofi guda muke zagayawa da shi. Ba wanda ya tambaye ni ne."

Aka sallami Agali. Alƙali ya nuna Sani ya ce, "Ga ma'aikaci!"

Jama'a, tun ina saurayi nake cewa "na tabbata", ko sannu ban samu ba. Yaro ya ce "ban sani ba" sau ɗaya, kumandanmu ya sa shi gaban mota, ni na tari kabu-kabu.

Ku masu tasowa, ku riƙe: sawu da yatsa suna cewa mutum ya zo wurin, ba su cewa ya yi sata. Sani ya koya mini wannan, kuma har yau ban yafe masa ba.