Jan Alayyafon Kaka

Ruwan bana ya tsiro da jan alayyafo a wurin alwalar Kaka. Lokacin tana raye takan ɗaura wa tushe ɗaya tsumma, ta hana tsinka, har ya fitar da kai ja wur kamar zankon zakara. Na taɓa kai masa hannu, ta make ni da mafici.

"Ke ja'ira, ciki kaɗai Allah ya ba ki? Bar wa ido rabonsa!"

Jiya Baffa ya sauke siminti daga Maigatari, zai shafe tsakar gidan duka. Ni da ko ido ba na iya haɗawa da shi, na je na tsaya a kan shukar.

Na ce, "Baffa, sai dai a shafe har da ƙafafuna."

Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce wa magini ya kewaye wurin.

Allah ya ni'imta makwancinki, Kaka.