Tawfiq Mai Awon Gawayi

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 13 ga Mayu 2025, bayan la'asar, Allah ya karɓi ran Tawfiq Aboubakar, mai binciken tattalin arziki da muhalli, ɗan Zongonmu na Lome.

Tawfiq, ba zan yi maka ƙarya kana kabari ba: na zarge ka. Ranar da ka shigo gidana da sikeli, kana tambayar gawayin da nake ƙonawa wajen dafa shinkafa da waken sayarwa, cewa na yi masu haraji ne suka turo ka. Na ɓoye rabin buhu a ɗaka. Ka dubi tulin toka, ka yi dariya ka ce, "Inna Mariama, tokar nan ta tona ki."

Da wata ƙungiya da kake yi wa awo ta kawo murhunan zamani, ƙuri'a aka jefa. Gida arba'in suka samu, arba'in suka rasa, har da ni. Na ce son kai ne. Ka zauna bakin murhuna ka bayyana mini cewa sai an bar wasu da tsohon murhu kafin a gane ko sabon yana rage gawayi. Ban yarda ba sai da na ji mahaifiyarka ma ba ta samu ba. Kunya ta kama ni, wallahi.

Wata takwas kana awo gida-gida. Abin da ka gano bai yi wa masu aikin daɗi ba: tukwanenmu sun fi ƙarfin murhun, mata suka mai da shi na dafa shayi, gawayi bai ragu ba. Suka ce ka cire masu sayar da abinci daga rahoton. Ka ƙi.

To, ko sadakar uku ba a yi ba, sai ga wani Abdoul daga ofishinsu, yana neman littattafan awonka wurin matarka Zahida, wai za a adana. Adana me? Ruwa ba ya tsami banza. In suka tafi da su, aikinka zai fito da sunanka yana faɗin abin da ka ƙi faɗa. Na ce mata ko shafi ɗaya kada ya bar ɗakin nan.

Allah ya jiƙanka, ya haskaka makwancinka, ya yafe mini zargin da na yi maka. Ina miƙa ta'aziyya ga mahaifiyarka da dukan dangi. Zahida kuwa, Allah ya ba ki haƙuri da taurin zuciya, don Abdoul ya ce zai dawo ranar Juma'a. Zai tarar da mu, mata tamanin, a zaure.