Igiyar da Ta Tsare Gonar Tabawa

Kullum da hantsi Malam Ilyasu yake buɗe rumfarsa a kasuwar Tanut, ya rataye igiyoyin salula, kowace a ƙusarta. Shekara goma sha bakwai ke nan. Mu dai a wurinmu igiya igiya ce, in ta shiga rami shi ke nan. Shi kuwa ya san mai faɗin baki ta tsofaffin wayoyi, da ƙaramar da sai ta fuska ɗaya take shiga, da ta yanzu wadda duk yadda ka juya ta daidai ne. Ya san wadda wuta kawai take kaiwa da wadda ke ɗauko hoto da murya, kuma cikin masu ɗaukowar ma akwai mai gudu, akwai mai jan ƙafa. 'Yan kasuwa har tsokanarsa suke yi, wai yana kiwon igiyoyin da wayoyinsu suka mutu tuntuni.

Bara wata baiwar Allah, Tabawa, ta zo daga Falanko hankali a tashe. Mijinta ya rasu, maƙwabci ya ce rabin gonar tasa ce. Dattijon da ya shaida iyakar shi ma ya rasu, amma mijin ya taɓa ɗaukar muryarsa a wata tsohuwar salula da gilashinta ya mutu. Washegari za a zauna gaban mai gari. Rumfa uku ta je, aka jona, aka ce mata ba komai ciki.

"Zauna, Inna," in ji Ilyasu. "Igiyar caji suka sa miki, ba ta ɗauko magana."

Ya zaro wata tsohuwa ya haɗa da na'urarsa. A hankali take jawowa, direban motar Falanko na ta danna oda.

"Malam, ba wata mai sauri?" in ji Tabawa.

"Akwai, amma bakinta ba na wannan ba ne. In na matsa, ramin ya karye, muryar ta tafi ke nan."

Mota ta tashi ta bar ta. Can bayan la'asar muryar dattijo ta fito, yana cewa daga aduwa har tsohuwar rijiya. Sai ga ta mijinta a baya yana amsawa. Tabawa ta ja mayafi ta rufe fuska. Ilyasu ya kulle rumfa, ya kai ta gida a babur ɗinsa.

Malam Ilyasu, yanzu ido ya yi rauni, za ka huta, kuma wallahi abin ya taɓa mu. Kai ne mai haƙurin da ba ya cewa "babu" sai ya duba. Mun gode, Allah ya saka da alheri. Masu rumfuna, ku je ku koya tun yana iya nuna muku. Geron da Tabawa ta ciyar da marayunta da shi bana, har bakin rijiyar nan ta girbe shi.